Fulogi yana ƙonewa tun da na sa nitrous, ina neman shawara

Assalamu alaikum, masana inji. Wata matsala ta sha mini kai, mako uku ke nan.

Injina V8 ne, wato mai silinda takwas, na haɗa masa nitrous, iskar gas da ake fesa wa inji, mai ƙara ƙarfin doki 100. Idan ban danna maɓallin ba, lafiya lau yake. Da na danna, allurar juyin inji ta haura 5,000 a minti, sai ya fara tari yana yankewa. Na kwance fulogan, na tarar ƙugiyar ƙarfen na silinda biyu ta yi fari fat, bakin ɗaya ma ya soma narkewa. Gabana ya faɗi, don daga nan sai fistan ya narke.

Na ja taimin, wato lokacin da fulogi yake ba da wuta, baya da digiri 4, na matse tazarar bakin fulogan daga 0.045 zuwa 0.035 na inci. Tarin ya ragu, farin yana nan.

A lissafin NGK, kamfanin da ke ƙera fulogi, mai babbar lamba shi ne mai sanyi, wato wanda ya fi saurin fitar da zafi. In koma fulogi mai lamba 7, ko ƙarin mataki ɗaya a kan wanda nake amfani da shi ya isa? Sannan wanda bakinsa bai fito waje ba ya fi dacewa? Wani ya ce in guji fulogi mai bakin ƙarfen platinum. Ni kuwa ina zargin ko fetur ne bai isa silindojin nan biyu ba. Me zan fara dubawa? Na gode.