Na rantse wa ɗalibata ba zan faɗa ba, yanzu na rasa yadda zan yi

Malamar Aji Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata tara ina koyarwa a firamare, sai makon nan na gane akwai darasin da ba a taɓa koya mini ba. Akwai wata yarinya a ajina, shekararta takwas, da can bakinta ba ya hutawa. Tun da aka dawo hutu ta yi tsit. Barci take yi a kan tebur, kuma in an tashi ita ce ta ƙarshen fita, sai ta yi ta zuge jaka tana buɗewa. Ranar Talata na ga jini ya kwanta a bayan kunnenta, ga wata shata a gefen wuya. Na tsayar da ita. Ta ce, "Malama, in na faɗa miki ba za ki gaya wa kowa ba?" Na rantse mata. Ta ce wani ne yake yi mata "abu" in mamarta ta fita. Nan hankalina ya tashi, na shiga jero mata tambayoyi: babanki ne? Yayanki ne? Maƙwabci ne? Da na ce maƙwabci ta gyaɗa kai. Washegari ta zo ta ce ƙarya ta yi, faɗuwa ce.

Ga rantsuwa a wuyana, ga magana an janye. Waɗanda suka samu horo a kan cin zarafin yara, me ake koya muku? A ina na yi kuskure?

Nas Mai Dutin Dare:

Wa alaikumus salam Malama. Zan tsaya a kan jiki, nan ne fannina. Yaro mai ƙiriniya yana jin ciwo a goshi, gwiwa, ƙwauri da gwiwar hannu, wato inda ƙashi ya fito kuma yake fara dukan ƙasa. Kunne da wuya a ɓoye suke, da wuya faɗuwa ta same su. A bitar da muka yi an koya mana wata ƙa'ida da ake kira TEN-4: kwanciyar jini a gangar jiki, kunne ko wuya a yaron da bai wuce shekara 4 ba, ko kowace irin kwanciyar jini a jariri ɗan wata 4 zuwa ƙasa, dole a bincika. Taki ta girmi wannan shekarun, amma ni kam kunne da wuya a lokaci guda ba zan kawar da kai ba.

An kuma ja mana kunne kada mu ce "wannan ciwon kwana uku ne" don mun kalli launinsa, launi ba ya faɗin ranar duka. Akwai kuma abubuwan da ke kama da duka alhali ba shi ba ne, kamar tabon nan shuɗi-shuɗi da ake haihuwar jarirai da shi a gadon baya, ko cutar rashin daskarewar jini. Shi ya sa likita ke dubawa, ba malami ba. Kada ki cire mata kaya don ki gani.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "abu". In lalata ce, lokaci yana gudu: maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Kuma ko likita ya duba bai ga komai ba, wannan bai ƙaryata ta ba, yawancin yaran da aka yi wa haka ba a ganin alama a jikinsu.

Tsohon Jami'in Walwala:

Malama, da farko ki sani yarinyar nan ke ta zaɓa cikin duk manyan da ke kewaye da ita. Tsayar da ita da kika yi daidai ne. Kuskuren guda biyu ne, kuma ni ma na yi su a shekarata ta farko a aiki.

Na ɗaya, rantsuwar. Abin da ake koya mana mu ce shi ne: "Na ji ki, kin kyauta da kika faɗa mini, ba laifinki ba ne. Amma in ana cutar da ke dole in gaya wa wanda aikinsa ne ya taimaka." Wani yaron zai yi shiru in ya ji haka, gaskiya ne. Duk da haka ya fi ki yi alkawari ki karya, don wanda ke cutar da ita ma da "kar ki faɗa wa kowa" yake riƙe da ita.

Na biyu, jero sunaye. Yaro yana karanta fuskar babba. In aka ba shi zaɓi uku, sau da yawa zai ɗauki wanda ya fi sauƙin faɗa, ko wanda zai sa a daina tambayarsa. Gyaɗa kan nan ba shaida ba ce. Mai yiwuwa maƙwabcin ne, mai yiwuwa kuma wanda ya fi shi kusa ne, ta ga hanyar kauce masa. A Amurka an yi shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya kan zargin lalata da yara, daga 1983 har 1990, aka ƙare ba a samu kowa da laifi ba, kuma yadda masu tambaya suka riƙa sa wa yara magana a baki ya zama abin koyarwa har yau. Irin wannan ne ya sa aka tsara hanyar hira da yara ta NICHD, wato cibiyar binciken lafiyar yara ta gwamnatin Amurka. A cikinta mai tambaya yakan fara da abin da ba shi da nauyi, ya bar yaron ya saba da ba da labari, sannan ya ce, "Faɗa mini duk abin da ya faru, daga farko har ƙarshe." In yaron ya tsaya sai ya ce, "Sai kuma me ya faru?" Mafi wahalar koyo a horon nan shi ne yin shiru. Ni sai da na saurari muryata a faifai na ji yadda nake katse yaro, kunya ta kama ni.

Shi ya sa aka kafa cibiyoyin da yaro zai ba da labarinsa sau ɗaya a gaban ƙwararre, 'yan sanda da jami'an walwala suna saurare daga wani ɗaki. Ta farko a Huntsville ta jihar Alabama aka buɗe ta a 1985, ƙasar Aisland kuma ta buɗe tata, Barnahus, a 1998.

Janyewar da ta yi kada ta ruɗe ki. Yara suna janye magana in sun ji tsoro ko an yi musu kashedi a gida. Ke ba mai bincike ba ce, ba a neman hujja a wurinki, zargi mai dalili ya isa a kai rahoto. Yau ki zauna ki rubuta rana, lokaci, abin da kika gani, da kalmominta yadda suka fito. Ta ce "abu", ki rubuta "abu", kada ki fassara. Ki rubuta tambayoyin da kika yi mata har da sunayen da kika jero, kada ki ɓoye don kare kanki, mai binciken yana buƙatarsu. Ki rubuta janyewar ma. Sannan ki kai wa shugaban makaranta ko wanda aka ɗora wa kare yara, a sanar da hukumar kula da yara ko 'yan sanda.

Uban Yara Biyar:

Ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma horon nan yana sa wasu ganin ɓarawo a kowace inuwa. A Cleveland ta Ingila a 1987 an raba yara 121 da iyayensu cikin 'yan watanni bisa zargin an yi lalata da su, daga baya aka mayar da mafi yawansu gida. Wa zai wanke waɗannan iyayen? Kuma yaro ya zo da yunwa ko yagaggen kaya sai a ce sakaci, alhali babu ce.

Tsohon Jami'in Walwala:

Maganarka tana kan hanya, Alhaji. Bambanta talauci da sakaci yana cikin abin da ake koyarwa: uwar da ba ta da shi daban, wadda take da shi ko aka ba ta ta hana yaron daban. Ta farko taimako take buƙata. Cleveland kuwa an dogara ne da gwajin jiki guda da ba shi da tabbas. Amma ka tuna da Victoria Climbié, ita ma shekararta takwas, ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 sakamakon azabar masu riƙonta. Asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, jami'an walwala ma haka. Rahoton 2003 na Lord Laming, wanda ya jagoranci binciken mutuwarta, ya nuna yadda aka yi ta samun damar ceton ta ana sakewa, bayanai ba a rubuta su yadda ya kamata ba, kowa yana zaton wani ya ɗauki nauyi.

Malamar Aji Uku:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Anti Nas. Na rubuta shafi biyu, har da sunayen da na jero mata, hannuna yana rawa. Kafin in shiga ofis na kira ta gefe na ce mata na yi kuskure da na rantse, kuma zan faɗa wa wanda zai taimaka. Ba ta ce komai ba, ta dai kalli ƙasa. Yau ba ta gaishe ni ba.

Shugabarmu ta karanta ta ce bari a fara kiran mahaifiyar a ji ta bakinta. Na ce ina tsoron maganar ta koma gidan kafin hukuma ta sani, tunda ba mu san ko wane ne ba. Ta ce za ta yi tunani zuwa gobe. Baba, in goben ta zo ba ta kira hukumar ba, ni zan iya kira da kaina?

Tsohon Jami'in Walwala:

Za ki iya, kuma kada ki jira gobe, saboda awa 72 ɗin da Nas ta ambata. Ki gaya wa shugabar cewa za ki kira, ki riƙe kwafin abin da kika rubuta, ki rubuta lokacin da kika kira da sunan wanda ya amsa. Su ne za su yanke lokacin da za a sanar da mahaifiyar.