Zama dindindin a motar gida a Amurka: wa ya taɓa yi?

Abu Hanif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da iyalina muna zaune a Ohio, yara sun girma sun tafi jami'a, aikina kuma ta kwamfuta nake yi. Kuɗin haya kullum hawa yake yi, shi ne muke shawarar mu saki gidan mu sayi irin motar nan da ake kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ta zama ita ce gidanmu gaba ɗaya. Don Allah wanda ya taɓa wannan rayuwar ya faɗa mana gaskiyarta. A YouTube daɗin kawai ake nunawa.

Baba Sale:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a cikinta nake zaune yanzu haka, kuma ina son rayuwar. Amma ka sani, duk abin da gida yake yi maka ba tare da ka lura ba, a nan kai za ka yi shi da hannunka: ruwa, wuta, kwashe ƙazanta, har da adireshi.

Mu fara da ruwa, don shi ne yake juya ranarka. Tanki uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayan gida. Na mai tsabtan a tawa galan 40 yake ci. In ka yi wanka irin na gida, mutum biyu ba za su daɗe ba ya ƙare. Don haka wanka ya zama ka jiƙa jiki, ka rufe famfo, ka sa sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Hatta alwala sai ka koyi yin ta da ruwa kaɗan, kuma wannan ni alheri na gani a cikinsa.

Zubar da tankin bayan gida kuwa ba wanda zai yi maka. Ka je wurin da aka tanada, ka sa safar hannu, ka jona tiyo mai kauri a bakin ramin, ka tabbata ya kama sosai kafin ka ja marfin. Na bayan gida ake fara buɗewa, sannan na wanka, don ruwan sabulun ya wanke tiyon. Kuma ko kana wurin da aka jona ka da magudana, kada ka bar na bayan gidan a buɗe kullum. Ruwan zai tsiyaye, sauran ya taru ya bushe a ƙasan tanki, fitar da shi kuma babban aiki ne.

Wuta iri biyu ce a wuraren da ake biya a kwana, amfiya 30 da amfiya 50. In motarka ta 30 ce, ka kunna na'urar sanyaya ɗaki da abin ɗumama abinci da hitar ruwa lokaci guda, wutar za ta ɗauke. A daji kuwa sai abin da sola da batir suka tara maka, ko janareta.

Wurin kwana shi ne abin da sababbi ba sa lissafawa. Biyan wata ya fi biyan dare sauƙi, amma sau da yawa kuɗin wuta daban ne, wasu wuraren kuma ba sa karɓar motar da ta haura shekara 10. A yammacin ƙasar akwai filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM take kula da su, ana zama kyauta, amma galibi kwana 14 ne sai ka tashi ka matsa. Da sanyi ya shigo mutane da yawa suna gangarowa Quartzsite a Arizona, inda ake sayen takardar izinin dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Ni can nake yin hunturu. Sararin wurin da hasken safiyarsa su ne suka sa ban koma haya ba. Harabar manyan kantunan Walmart kuma ba ko'ina ake yarda a kwana ba, sai ka shiga ka tambayi manaja.

Sai adireshi. Lasin tuƙi, rajistar mota, inshora, banki, zaɓe, duk suna son su san jiharka. Yawancinmu South Dakota ko Texas ko Florida muke zaɓa, saboda ba su da harajin jiha a kan albashi, kuma akwai kamfanonin da suke karɓar maka wasiƙu su turo maka. Escapees, ƙungiyar masu zama a RV da aka kafa a 1978, tana cikin masu yin haka daga Livingston ta Texas. Ka bincika inshorar lafiyarka da kyau kafin ka sauya jiha, don wata ba ta biyan likita a wajen yankinta sai in abu ne na gaggawa.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ranar da mota ta shiga gareji. Gidanka ne ya shiga, da gadonka da tukunyarka. Na taɓa zama a otel ina jiran wani ƙaramin ƙarfe ya iso, kullum in leƙa in ga gidana a ɗage a kan jak. Ka ware kuɗin irin wannan rana tun kafin ka saya.

Maman Zahra:

Malam Abu Hanif, ka ce "muke shawara". Ita maiɗakin naka da bakinta ta ce tana so? Ina tambaya ne don mun yi wannan zaman da maigidana kafin mu dawo gida. In an saɓa ba ɗakin da za ka shige ka rufe ƙofa. In kana taro ta kwamfuta ita ma tana cikin taron, ba ta da damar ko kunna famfo. Kayan da ta tara shekara da shekaru kuma dole ta rabu da mafi yawansu.

Baba bai yi maganar sanyi ba don shi yana guje masa. Bangon motar siriri ne. Da asuba za ka tarar da tagogi suna zubar da raɓa daga numfashinku da tururin girki, in ba a kula ba ƙarƙashin katifa ya yi funfuna. Sanyi in ya kai na ƙanƙara, bututun ruwa yana iya daskarewa ya fashe. Gas kuma hita na shanye shi da sauri. Kada ku kwana ko dare ɗaya ba tare da na'urar da ke ƙara in hayaƙin gas mai guba ya taru ba.

Sannan jama'a. Wuraren da suka fi kyau da araha sun fi nisa da masallacin Juma'a. Wannan shi ya fi damun maigidana, kuma shi ya dawo da mu. Ku ɗauki hayar ɗaya tukuna, ku zauna cikinta lokacin da yanayi ba shi da daɗi.

Injiniya Bala:

Ni bakanike ne, irin motocin nan suna zuwa hannuna. Maganar araha ku yi ta da hankali. Manyan cikinsu da ƙyar suke yin mil 10 a galan ɗaya, kuma darajarsu faɗuwa take yi kowace shekara. In za ka sayi ta hannu, hau kan rufin ka danna da ƙafa, ka shafa bango kusa da tagogi. Inda ka ji laushi ruwa ya shiga, ka bar ta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar motar gida tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba. Akwai kuma takardar da aka manna kusa da ƙofa mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma ruwan da ke tanki yana cikin lissafin.

Abu Hanif:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, na karanta mata saƙonki, ta ce ita ma haya take so mu fara yi. Baba, intanet fa? Aikina ba ya yiwuwa sai da shi.

Baba Sale:

Ka riƙe layin waya na kamfani biyu daban-daban, don inda ɗaya ya mutu sau da yawa ɗayan yana kamawa. Ni na ƙara da Starlink, intanet na tauraron ɗan adam. Yana aiki har a tsakiyar hamada, amma yana son sarari a buɗe, ƙarƙashin bishiyoyi sai ya riƙa yankewa, kuma yana cin batir. In za ku ɗauki hayar gwajin, ka sa ta faɗo a ranakun aikinka, ka ga yadda taron safe zai kasance kafin ka sanar da mai gidan haya komai.