Kafin ka sayi koren dutsen pargasite

Masu tara duwatsun ƙasa da suka tattauna kan pargasite sun fi tsayawa a kan abu ɗaya: ido kaɗai ba ya tantance shi. Sunansa daga Pargas ne a ƙasar Finland, amma koren da ake rububi yanzu, wanda ke zaune cikin farin dutsen marmara, daga kwarin Hunza na Pakistan da Luc Yen na Vietnam yake fitowa.

Shawarar farko, a duba yadda yake tsagewa. Duwatsun dangin amfibol, wato dangin da pargasite yake ciki, suna tsagewa a kusurwar digiri 56 da 124, na dangin pyroxene kuwa, masu kama da su, kusan 90. Taurin pargasite tsakanin 5 da 6 ne a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, mai hawa goma. Wannan zai nuna maka danginsa, ba sunansa ba. Pargasite da edenite, wani dutsen na dangin amfibol, kamar Hassan da Husaini suke, sai an auna sinadaransu a ɗakin gwaji ake rabe su. Tsofaffin hannu sun ce idan takardar da ta zo da dutsen ta ce "pargasite" ba tare da gwaji ba, ka ɗauke ta zato, kada ka biya kuɗin tabbas.

Wajen farashi an ɗan yi saɓani. Wasu sun fifita zurfin launi, wasu cikar ƙirar dutsen da rashin karaya a kansa. Ni dai ina tare da masu cewa takardar asalin ramin da aka haƙo shi tana ƙara masa daraja sosai, don haka kada a yar da tsohuwar takarda.

Idan dutse ya zo da zare-zare, kada a goge shi ko a niƙa, domin wasu amfibol asbestos ne, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu.