Kuɗin hanya a Michigan: wa za ka kai wa kuka?

Ana yawan ƙorafi a kan ramukan da sanyi ke bari a titunan jihar Michigan ta Amurka, inda kwalta ke farfashewa da zarar ƙanƙara ta narke. Shawarar da aka fi nanatawa: kafin ka ɗora wa gwamna laifi, bincika wa ke da hanyar.

Harajin mai da kuɗin rajistar mota asusun sufuri na jiha suke shiga. Wata dokar jihar ta shekarar 1951 ce ke raba su, amma sai an fara yanke wa wasu asusu nasu, har da na motocin jigilar jama'a. Ragowar kuma, kashi 39.1 cikin ɗari na manyan titunan jiha ne, wani 39.1 na gundumomin jihar 83, birane da ƙauyuka su samu 21.8.

Titin da lambarsa ta fara da M, I ko US na ma'aikatar sufuri ta jiha ne. Hanyar karkara kuwa, hukumar hanyoyin gunduma za ka nema, ka kuma halarci zamanta, tunda a buɗe ake yi.

Wasu sun ce tsarin rabon kuɗin ya tsufa, yana fifita tsawon hanya a kan cunkoso. Ina ganin suna da hujja, sai dai mutanen karkara ba za su saki kasonsu ta daɗi ba.