Shin sai an tsorata iyaye kafin su kula da lafiyar 'ya'yansu?

Malamin firamare, Kwarbai:
Assalamu alaikum. Ina so 'yan wannan zaure su duba mini wata magana. Ra'ayina shi ne mutanenmu ba sa motsawa a kan lafiyar yara sai an tsorata su, saboda haka gidajen rediyo da masu tura saƙo a WhatsApp da ke kururuta haɗari ba laifi suke yi ba, ko da sun ɗan ƙara gishiri. Hujjata ita ce abin da ya faru daga ƙarshen 2008, lokacin da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ya hallaka yara aƙalla 84 a ƙasar nan, wasu daga cikinsu ma a nan Zariya aka kwantar da su, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ba lallami ne ya sa iyaye suka zubar da kwalaben ba. Labarin mutuwa suka ji a rediyo, hankalinsu ya tashi, suka ɗauki mataki.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Misalinka gaskiya ne, amma ba tsoron kaɗai ne ya yi aiki a ciki ba. Sanarwar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta wancan lokaci, zamanin Dora Akunyili, ta faɗi sunan maganin, ta ce a daina bai wa yaro, kuma likitoci sun bayyana alamar da za a lura da ita, wato yaro ya daina fitsari, domin sinadarin da ya gurɓata maganin, wanda ake sa wa a man birki, ƙoda yake lalatawa. Uwar da ta ji wannan ta san kwalbar da za ta nema a ɗakinta, ta kuma san lokacin da za ta saɓa goyo ta nufi asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ƙurar ta lafa, ba wanda ya tsaya a kan dalilin da ya sa aka sayi maganin tun farko. Har gobe uwa za ta zo mana da yaro idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, in ka ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, ka tambaye ta tun yaushe yake zawo, ta ce ai haƙori ne yake fitarwa, shi ya sa ba ta kawo shi da wuri ba. Fitar haƙori ba ta kawo zawo mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Yaron ya kai lokacin rarrafe ne, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake damawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, su ne ke ceton irin wannan yaro, amma ban taɓa jin an tura saƙon murya a kansu ana cewa don Allah a yaɗa wa duk musulmi ba.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Samaru:
Malama ta taɓo inda abin yake, kuma zan yi magana a matsayin wanda ya zauna a ɗakin labarai. Edita yana neman abu uku a labari: ya zama sabo, ya zama akwai fuskar wanda abin ya shafa, ya kuma zama akwai wanda za a ɗora wa laifi. Gurɓataccen magani yana da ukun duka. Zazzaɓin cizon sauro ba shi da ko ɗaya, alhali alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaron da ya yi jijjiga ya cika a watan Agusta a wani ƙauye na Giwa ko Soba ba ya shiga labaran ƙarfe bakwai, domin an riga an saba.

Akwai kuma abin da masu sauraro ba su cika sani ba. Yawancin filayen lafiya da kuke ji saya ake yi, kuma wanda ya biya kuɗin fili shi ke zaɓen abin da za a tattauna. A shekarun da ƙungiyoyin agaji ke zuba kuɗi a yaƙi da shan inna, da safe foliyo, da yamma foliyo. Da an gama wannan, sai mai maganin gargajiya ya sayi rabin sa'a, ya kawo mata suna ba da shaida cewa garin maganinsa ya warkar da basir da shawara da tamowa a lokaci guda. Mai sauraro a ƙauye yana jin su biyun daga akwati ɗaya, sau da yawa ma da muryar mai gabatarwa ɗaya, to da me zai bambance su?

Uwar 'ya'ya, Gyallesu:
Baba, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan da bakinka. Ni abin da ban yarda da shi ba a maganar Malam shi ne yadda take nuna kamar iyaye ba su damu ba sai an girgiza su. Mu ne ke kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi. Matsalarmu ita ce wa za mu gaskata. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, kuma sai a 2009 aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Da aka zo 2003 aka ce ɗigon foliyo yana hana haihuwa, maganar ta sami wurin zama ne saboda abin da ya gabace ta. Tambayar da mata suka riƙa yi a zaure ita ce: don me ake bin mu gida-gida da wannan ɗigon kyauta, amma in yaro ya kamu da zazzaɓi sai mun sayi kati mun sayi magani? Ina kai 'ya'yana rigakafi, katinsu a cike yake, amma har yau ina ganin tambayar tana kan hanya, kuma rediyo ta fi kiran masu yin ta jahilai maimakon ta amsa musu.

Malamin firamare, Kwarbai:
Hajiya, ban ce iyaye ba su damu ba, Allah ya sani. Amma a duba Zamfara. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutse ana niƙa shi a cikin gidaje inda yara ke wasa. Garin Bagega ya daɗe yana jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, kuma ba a saki kuɗin aikin ba sai a farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun cika intanet da hotunan yaran. Haka ma kodin: shekaru ana kuka a kan yadda matasa da matan aure ke shan sa, ba a yi komai ba, sai da BBC ta fitar da rahotonta a 2018 gwamnati ta haramta shi cikin 'yan kwanaki. In wannan ba amfanin tayar da hankali ba ne, mene ne?

Tsohon ma'aikacin rediyo, Samaru:
Malam, misalan nan biyu masu ƙarfi ne, sai dai ka lura da wanda aka tsorata a cikinsu. Gwamnati aka kunyata, ita ke da kuɗi da doka a hannu, kuma abin da aka nuna gaskiya ne da aka tabbatar, ba gishirin da aka ƙara. Wannan aikin jarida ne, ina kuma goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu shi ne izinin da ka bayar na ƙari. A watan Agustan 2014, zamanin Ebola, cikin dare ɗaya saƙo ya zaga ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An tashi yara daga barci kafin asuba an yi musu wanka, an ɗura wa wasu, an kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Duk wanda ya tura saƙon nan da kyakkyawar niyya ya tura. Ita ma jita-jitar 2003 tsoratarwa ce da sunan kare yara, kuma ta sa an dakatar da ɗigon a Kano da Zamfara da nan Kaduna, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. Abin da ya gyara lamarin daga baya shi ne shigowar sarakuna da hakimai da malamai, mutanen da aka sani, suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. A haka aka kai 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Mai kemis, Sabon Gari:
Ranku ya daɗe, bari in faɗi abin da nake gani a shagona. Da labarin Gambiya ya fito a 2022, inda yara kusan 70 suka rasu bayan shan wasu magungunan tari da mura na ruwa da aka shigo da su daga Indiya, sai saƙonnin da ke yawo suka watsar da sunayen magungunan, suka koma cewa duk maganin ruwa na yara guba ne. Na ga uba ya ƙi karɓar farasitamol ɗin da likita ya rubuta wa ɗansa, ya fita ya tsaya wurin mai mota da lasifika ya sayi jiƙo a gorar da ba suna ba kwanan wata. Tsoron bai sa shi taka-tsantsan ba, ya dai kore shi daga abin da hukuma ke iya bibiya zuwa abin da ba mai bibiya.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Haka muka gani da mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya fi tsanani a Kano. Mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba, alhali kariyarsa tana cikin allurar nan ta penta da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14, kyauta. Da hotunan yara masu kumburarren wuya suka fara yawo, layi ya cika, a nan Malam yana da gaskiya. Amma bayan makonni kaɗan layin ya watse, wasu sun karɓi ta farko ba su dawo ta biyu da ta uku ba, kuma allura ɗaya ba ta wadatarwa. Uwar da ke dawowa sau uku ita ce wadda aka zauna aka gaya mata cewa jaririn zai iya yin ɗan zazzaɓi da kumburi a cinya, kuma zai wuce. Wadda ba a gaya wa ba, in ta ga zazzaɓin, sai ta ce ashe maganar da ta ji a waya gaskiya ce.

Malamin firamare, Kwarbai:
Na karɓi batun ƙari, ƙarya ba ta da gurbi ko da niyyar kirki. Amma ina nan a kan cewa gaskiya mai ban tsoro a faɗe ta yadda take, kada a tausasa ta. Ina ba da shawara cewa daga yau duk gargaɗin lafiya da za a turo wannan zaure ya zo da sunan abin, da ranar da aka fitar da shi, da hukumar da ta faɗa, in babu a goge.

Uwar 'ya'ya, Gyallesu:
Na amince da shawarar, Malam, sai dai mu da ke nan muna iya karatu. Surukata ba ta karanta sanarwar hukuma, muryar da ta ji a waya ko a rediyo ita ce hujjarta, kuma ita ke yanke hukunci a kan jikokinta in ɗanta ba ya gida. Baba, tunda har yanzu kana da mutane a gidajen rediyo, ko za a samu fili na mako-mako da ba wanda ya saya, inda irin Malama za ta zauna mata su bugo waya su yi tambaya ba tare da an kunyata su ba? Damina na tafe, masu rabon maganin kariya daga zazzaɓi na wata-wata za su fara zagaya gidaje, kuma na san a layinmu kaɗai akwai gidajen da za su karɓa su ajiye a kan taga.