Wa ya taɓa faɗuwa fiziks? Ƙanina ya ƙi fitowa daga ɗaki

'Yar Kawo: Salamu alaikum 'yan uwa. Sakamakon WAEC ɗin ƙanina ya fito, komai ya samu kiredit har lissafi B3, sai fiziks kaɗai F9. Yau kwana uku kenan yana ɗaki, abinci ma sai Mama ta yi ta magiya. Tun yana firamare likita yake cewa zai zama. Baba bai ce masa uffan ba, kuma wlh shirun nan ya fi faɗa ciwo. Don Allah wanda abin ya taɓa samu ya gaya min yadda ya yi, na rasa me zan ce masa.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Kin tuna min da nawa, E8. A kafen intanet na duba kusa da Kasuwar Barci, mai kafen ya miƙo min takardar yana kallona da tausayi, na ninke ta na cusa a aljihu na taka da ƙafa har Rigasa, ga kuɗin mota a hannuna amma bana son in isa gida da wuri. Sati guda ina cewa ai netwok ne bai buɗe ba. Ni faraktikal ne ya kashe ni, makarantarmu akwai ɗakin gwaji amma kullum a kulle, ranar jarrabawa na fara taɓa fendulum (ɗan ƙarfen da ake ratayawa da zare yana lilo) da hannuna, aka ce a ƙirga lilo 20 a duba agogo, ni kuwa zuwa ɗaya dawowa ɗaya ina ƙirga su biyu, duk lissafin ya watse, girafin da na zana ko layi bai yi kama da shi ba. NECO ce ta cece ni da C5. Ya rubuta NECO? In ya rubuta ku ɗan jira tukuna.

'Yar Kawo: Bai rubuta ba, kuɗin ɗaya aka iya biya.

Maman Khalil: Allah sarki. Ni D7 na samu, a gida har murna ake yi wai ai na ci, sai da na yi ta bayani cewa jami'a daga C6 zuwa sama take karɓa. Abin da ya fi ƙona min rai ba faɗuwar ba ce, wata gwaggona ce da ta ce dama wa ya aiki mace ajin sayens, a yi mata aure kawai. Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo. Na zauna na rubuta GCE ta ƙarshen shekara, can ba a taɓa kayan gwaji, a takarda ake ba ka hoton awon ka karanta ka zana girafi, na samu C4 na haɗa biyun, yanzu ni nas ce. Amma ƙanwata ku bincika da kyau, likitanci wasu jami'o'in sun fi son kiredit biyar a zama ɗaya, kar ya cike fiziks kaɗai daga baya a ce masa a'a.

Mai Sola Panteka: Ni sau biyu na sha ƙasa, ba ɗaya ba hhh. V=IR, fomular wutar lantarki, na haddace shi kamar karatun allo ban san me yake nufi ba. Baba ya gaji ya kai ni Panteka wajen abokinsa mai wayarin, wata rana na ja siririyar waya na ɗora mata hita, kafin ka ce me ta yi zafi robar ta narke, oga ya ja kunnena ya ce wuta mai yawa ba ta bin ƙaramar hanya. A nan na gane abin da malami ya shekara uku yana faɗa. Yau batir mai volt 12 guda biyu nake jerawa su ba ni volt 24 ko tunani bana yi. Ban ce a kawo shi Panteka ba fa, amma ki ce masa ba ƙwaƙwalwa ce ba shi da ita ba, mai B3 a lissafi?

Malam A.: Gaskiyar Mai Sola. Na faɗi a SS1, 28 cikin 100, aka karanta a gaban aji. Da na karɓi takardata sai na ga rabin makin santimita ce ta cinye, ban mayar da ita mita ba kafin in sa a fomula. Yanzu ni nake koyar da fiziks. Ku samo masa tsofaffin tambayoyi ya dinga yi da agogo a gabansa, kuma kar a ce masa "ba komai", ya san da komai.

'Yar Kawo: Na gode sosai, Allah ya saka. Na tura masa wayar ta ƙarƙashin ƙofa ya karanta, na Mai Sola ne na ji ya ɗan yi dariya. Ya fito bayan isha'i ya ci tuwo. Shi ma wai girafin ne bai gama ba lokaci ya cika. Baba ya ce gobe in tambayo nawa ne kuɗin GCE, duka darussan.