Aikin sakataren ƙungiyar gari: me za a ba ChatGPT, me za a hana shi?

Sakatare, Deba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da sakatariyar ƙungiyar ci gaban garinmu a Yamaltu/Deba. Bayanan taro, wasiƙu zuwa ƙaramar hukuma da fada, rajistar kuɗin wata-wata, takardun CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), duk a kaina suke. Matasa sun ce in jingina wa ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambaya da yin rubutu, dattawa kuma suna ɗari-ɗari. Taronmu da Hausa da Teranci ake yi. Wane aiki zan ba shi?

Mai shagon kwamfuta, Gombe: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Fara da bayanan taro, amma kar ka naɗi murya ka tura masa. Da zarar an haɗa Hausa da Teranci, ga hayaniyar zaure, zai rubuta abin da ba wanda ya faɗa. Ka ɗauki bayani da biro kamar kullum, sannan ka buga masa abu huɗu: adadin mahalarta, abin da aka yanke, wanda aka ɗora wa, da ranar cikawa. Ka gaya masa ƙarara: "Kar ka ƙara abin da ban rubuta ba, inda bayani bai cika ba ka bar gurbi." Dalili kuwa, aikinsa hasashen kalmar da za ta biyo baya ne, shi ya sa in ya ga rami sai ya cike da abin da ya yi kama da gaskiya. Kowane taro ka buɗe masa sabuwar hira, in ba haka ba sai ya kwaso shawarar watan jiya ya zuba a ta yau.

Wasiƙar Turanci yana iya ta sosai. Ta Hausa ce ke son ido: yakan yar da ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, kuma Hausar tasa warin fassara take yi. Gaisuwar fada da sunayen sarautu ka rubuta da hannunka, don bai san wa ke gaba da wa ba.

Akanta, Bauchi: Kuɗi kam kar ya yi maka jimla. Buɗe Excel ko Google Sheets, layi ɗaya ga kowane biya: lambar memba, wata, adadi, lambar rasit. Abin da za ka roƙe shi kawai shi ne ya rubuta maka dabarar SUMIF da za ta tara kuɗin kowane memba. Gwada ta a layi biyar, ka bi da kalkuleta, sannan ka saki. In ƙungiyarku na da rajistar amintattu ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, rahoton shekara ana miƙa shi ne ga CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Kuɗin da ake biya ka duba a shafin CAC, don ChatGPT zai iya kawo maka tsohon farashi.

Lauya, Gombe: Dattawanku suna da hujja. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan duk wanda ke riƙe da bayanan mutane, har ƙungiya. Sunaye, lambar waya, NIN, BVN, jerin zawarawa da marayun da kuke tallafa wa, kar su shiga. Sa "memba 14" a madadin suna, ka mayar da sunan bayan ka kwafo takardar. A saitin ChatGPT, sashen kula da bayanai, akwai maɓallin da ke ba da damar a horar da manhajar da hirarka. Kashe shi.

Wanda ya fi damuna shi ne tarihin sarauta, iyakokin gonaki da waƙoƙin gargajiya. Waɗannan ba na sakatare ba ne, na gari ne. Mutanen Maori a New Zealand, ta gidan rediyon Te Hiku Media, sun tara muryoyin harshensu suka gina tasu manhajar, da lasisin da ya bar ikon bayanan a hannun al'ummar. Ku kai maganar gaban taro, a yanke abin da aka yarda ya fita, a sa hannu.

Sakatare, Deba: Allah ya saka da alheri. To Meta AI na cikin WhatsApp fa? Shi ne ya fi sauƙi a wayata.

Lauya, Gombe: Ƙa'idar ɗaya ce, Malam. Abin da ka tura masa ya isa hannun kamfanin. Sanarwar taro da gyaran Turanci ba laifi, amma hoton rajistar membobi ya tsaya a wayarka.